Haƙƙin Mallaka a Hanyar Kano zuwa Tamanrasset: Daga Alƙalamin Mai Kwafi zuwa Katin Waya

Unguwar Gataa El Oued, wadda take cikin birnin Tamanrasset a kudancin Aljeriya, tana daga cikin wuraren da baƙi 'yan Nijar da Mali da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma suka fi sauka idan sun ƙetare hamada, kuma Hausa na cikin harsunan da ake ciniki da su a can tare da Larabci da harshen Abzinawa. Hanyar da take kawo akasarin masu jin Hausa ta taso ne daga Kano da Katsina, ta bi ta Damagaram ko Tawa, ta ratsa Agadas da Arlit, sannan ta shiga Aljeriya ta In Gezzam, garin da ke da tazarar kimanin kilomita 400 daga Tamanrasset. Bayan mutane da hajoji, hanyar tana ɗauke da waƙoƙi da fina-finai da karatun malamai da littattafan hikaya, waɗanda a da suke tafiya cikin kaset, yanzu kuma cikin wayar hannu. Duk aikin da ya bi wannan hanya ya ratsa ƙarƙashin dokokin ƙasashe uku, kowace da hukumarta ta kare masu fasaha, amma abin da yake komawa aljihun mai aikin bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa sunansa ma ba ya isa ƙarshen tafiyar.

Haƙƙin mallaka, a ma'anarsa ta doka, shi ne ikon da hukuma take ba wanda ya ƙirƙiri littafi ko waƙa ko zane ko fim, na ya yarda ko ya hana a kwafi aikinsa, a sayar, a fassara, ko a nuna shi a bainar jama'a, har zuwa wani wa'adi da doka ta yanke. Yana da rassa biyu: reshen dukiya, wato ribar da aikin yake jawowa, wanda ana iya sayar da shi ko a gada; da reshen mutunci, wato haƙƙin a ambaci sunan mai aikin kuma kada a jirkita masa shi ta hanyar da za ta zubar masa da daraja. Injin buga littattafai ne ya haifi wannan tsari a Turai, domin sai da kwafi ya yi arha har mutum ɗaya yana iya fitar da dubbai sannan aka ga buƙatar doka. Ingila ta kafa tata a 1710 a zamanin Sarauniya Anne, kuma a 1886 aka ƙulla Yarjejeniyar Bern a Suwizalan don kāre marubuci a wajen ƙasarsa.

Ƙasar Hausa ta daɗe da nata tsarin kafin wannan ya iso, kuma hamadar da ake zance ita ce babbar hanyarsa. A ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan wanda ya zauna a Tuwat cikin Aljeriya ta yau, ya bi ta Abzin ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa risala kan wajiban sarakuna. Wannan risala ta rayu ɗaruruwan shekaru ba tare da maɗaba'a ba, saboda almajirai sun yi ta kwafarta da hannu, har malaman jihadin Sakkwato suka same ta suka kafa hujja da ita. Babu wanda ya nemi izinin magadan Magili kafin ya kwafa, kuma babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin sata, domin kwafar littafi a wancan zamani aiki ne na makonni ko watanni, mai cin takarda mai tsada da ake shigowa da ita ta Tarabulus, kuma ana ganin mai yin sa a matsayin mai hidima ga ilimi. Ladan da ake biya na mai kwafi ne, saboda guminsa da kyan hannunsa. Abin da al'adar ta tsare da ƙarfi shi ne suna. Littafi yakan buɗe da sunan mawallafi da na mahaifinsa da nisbarsa, mai kwafi kuma yakan rufe da nasa sunan da na wanda aka rubuta dominsa, yana roƙon gafara ga su duka. Ɗalibin da ya sauke littafi a gaban malami yakan karɓi ijaza, wato shaidar izinin karantar da shi, wadda take jero malaman da littafin ya bi ta hannunsu har zuwa kan mai shi. Marubutan waƙa da yawa sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe, su ƙara da ramzi, wato kalmar da jimillar ƙimar haruffanta take ba da shekarar da aka yi waƙar. Wanda ya cire sunan malami ya ɗora nasa ya ci amanar ilimi, kuma hukuncinsa zubewar mutunci ne a tsakanin malamai, abin da ya fi tara ciwo ga mutumin da jarinsa shi ne amincewar jama'a.

Al'adar ta kuma tanadi halattacciyar hanyar gina aiki a kan aikin wani. Tahamisi shi ne mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara masa ɗango uku nasa ya zama biyar, ba tare da ya taɓa kalmomin asali ba. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce da kowane ɗalibin adabin Hausa ya sani: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku ne a kan aiki ɗaya, kuma bayan kusan shekara 200 an san rabon kowa a cikinsa. Dokar zamani tana kiran irin wannan aiki tsatson wani aiki, tana kuma sharɗanta masa izinin mai asali. Tsohuwar al'ada ba ta sharɗanta izini ba, amma ta fi tsananta wajen bayyana wanda ya yi me.

Makaɗa suna da nasu lissafin. Makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa a Isa ko Musa Ɗanƙwairo yana samun abincinsa ne daga ubangida, ta hanyar doki da riguna da hatsi da kujerar Makka, makaɗin jama'a irin Mamman Shata kuma daga liƙi da kyautar waɗanda ya wasa. A irin wannan tsari yaɗuwar waƙa riba ce ga mai ita, domin gwargwadon nisan da ta yi gwargwadon girman sunansa da na wanda aka yi wa, shi ya sa da gidajen rediyo da kamfanonin faifai suka fara ɗaukar muryoyinsu, mafi yawansu sun ɗauki abin a matsayin talla, ba su tsaya ƙulla yarjejeniyar da za ta amfani 'ya'yansu ba.

Dokar Turai ta shigo da mulkin mallaka. An shimfiɗa dokar Ingila ta 1911 a kan Nijeriya tun daga 1912, ƙasashen da Faransa ta mallaka kuma suka bi dokokinta, ta ƙarshensu ita ce ta 11 ga Maris 1957. Dokokin sun fi amfanar kamfanonin Landan da Faris, amma ta hanyar maɗaba'ar Zariya suka fara taɓa marubutan Hausa. Gasar rubutun littattafai da Rupert East ya shirya a 1933 ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da Kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, inda marubuci ya fara sanin kwantaragi da kason da ake ba shi daga cinikin littafinsa. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo labarai da dama daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin da 'yan uwan nan Grimm suka tattara a Jamus, kuma hakan bai saɓa wa doka ba, domin waɗannan ayyuka sun riga sun zama dukiyar kowa, wato wa'adin kāriyarsu ya ƙare ko kuma ba su taɓa samun mai su guda ɗaya ba. Abin da ya zama mallakar Imam shi ne Hausar da ya zuba da tsarin da ya gina.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya rushe ma'aunin da aka daɗe a kai, domin ya mayar da aikin watanni na mai kwafi ya zama na sa'a guda. Ya iso hamada daidai lokacin da farin 1973 zuwa 1974, da kuma na 1984 zuwa 1985, suka kora dubban makiyaya daga Mali da Nijar zuwa Tamanrasset, suka cika unguwannin gefen gari. A cikin matasa marasa aikin yi na waɗannan unguwanni ne Ibrahim ag Alhabib da abokansa suka fara haɗuwa wajen 1979, ƙungiyar da daga baya aka sani da Tinariwen. Shekara da shekaru ba su da kamfani ba su da kanti, wanda ya kawo kaset fanko sai su rera masa, shi kuma ya kwafa wa wani, har waƙoƙin suka game Sahara duk da cewa hukumomin Mali sun haramta su. A nan kwafi ba tare da izini ba shi ne ya ceci fasahar, kuma duk mai nazarin wannan tarihi da adalci dole ya yarda da haka. Sai a 2001 faifansu na farko ya shiga kasuwar duniya, a 2012 kuma suka sami kyautar Grammy da faifan Tassili, kuma daga lokacin ne dokar haƙƙin mallaka ta fara yi musu aiki, mafi yawa a Turai da Amurka.

A ɗaya bakin hanyar, Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar kwafar kaset tun kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo. 'Yan kasuwarta suna da jerin na'urori da suke juyar fina-finan Indiya da na Amurka da karatun malamai, suna kuma da dillalai da suke kai su har Maraɗi da Agadas da gaba. Da Turmin Danya ya fito a 1990, masana'antar da aka sa wa suna Kannywood ta tarar da hanyar rarrabawa a shimfiɗe, sai ta hau ta, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a bincikensa kan Kano. Tsarin da aka ƙirƙiro yana da ban sha'awa: furodusa yakan buga kwali, wato murfin kaset mai hotunan 'yan wasa, ya ba ɗan kasuwa uwar kaset, ɗan kasuwa ya sayi kwalaye gwargwadon yawan da zai juya. Kwalin ne ya zama lasisi, kaset ɗin da ba shi da kwalin asali shi ne na sata. Ba wata hukuma ta tsara wannan ba, 'yan kasuwa da masu fim ne suka fitar da shi daga amana da sanin juna, kuma ya yi aiki muddin juyar kaset tana buƙatar jari da shago. Rauninsa shi ne nisa, domin kaset ɗaya mai kwali da ya ƙetare Arlit yana iya haifar da ɗari marasa kwali, kuma babu idon da yake ganin hakan daga Kano.

Akwai wani ɓangare da masu kukan satar fasaha ba su cika son a taɓo ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin fina-finan Hausa da dama da suka ɗauko labari da karin waƙa daga fina-finan Indiya, wasu ma fage bayan fage, ba tare da izini ko ambato ba. Doka ba ta kāre tunani tsagwaronsa, don haka kowa yana da damar yin fim kan auren dole ko kishiya; abin da take kārewa shi ne siffar da aka ba tunanin, wato jerin fage da kalmomi da karin sauti. Masana'antar da take neman a mutunta haƙƙinta tana da nauyin mutunta na wasu, kuma ko a ma'aunin tsohuwar al'ada, aron da aka ɓoye sunan mai shi abin zargi ne.

Bayan samun 'yancin kai kowace ƙasa ta yi tata dokar. Aljeriya ta fitar da tata a watan Afrilu na 1973, ta kafa hukumar ONDA a shekarar, ta sabunta dokar a 1997, sannan ta maye gurbinta da doka mai lamba 03-05 ta 19 ga Yuli 2003, wadda take kāre aiki tsawon rayuwar mai shi da shekara 50 bayan rasuwarsa. ONDA hukumar gwamnati ce da take karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da masu buga faifai da wuraren taro ta raba wa masu fasahar da suka yi rajista, tana kuma karɓar wani kaso a kan na'urorin ɗaukar sauti da hoto a madadin kwafin da mutane suke yi a gida. Dokar ta kuma sa al'adun gargajiya ƙarƙashin kulawar hukumar, abin da ya shafi kiɗan imzad, gogen matan Abzinawa da UNESCO ta sa cikin jerin gadon ɗan Adam a 2013. Nijeriya ta yi dokar soja mai lamba 61 a 1970, wadda hukuncinta ya yi sauƙi har mawaƙa da marubuta suka yi ta ƙorafi, sai aka maye gurbinta da mai lamba 47 ta 1988, wadda ta haifar da majalisar da ta zama Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya a 1996. Nijar ta yi tata a 1993, tana da ofishin kare haƙƙin mallaka na BNDA, tana kuma cikin ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI da Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Dukkan ƙasashen uku suna cikin Yarjejeniyar Bern: Nijar tun 1962, Nijeriya 1993, Aljeriya 1998. Ƙa'idar yarjejeniyar ita ce baƙo da ɗan gida ɗaya suke, don haka marubucin Kano yana da kāriyar da marubucin Aljeriya yake da ita a gaban kotun Tamanrasset, ba tare da ya yi wata rajista ba.

Dokokin ba su rufe duk ƙofofi ba. Dokar Aljeriya ta halatta mutum ya kwafi aiki don amfanin kansa ko iyalinsa, ya tsakuro wani yanki don kafa hujja ko koyarwa matuƙar ya ambaci mai shi da inda ya ɗauko, ya kuma saurara ko ya kalla a cikin gida ba tare da karɓar kuɗi ba. Dokar Nijeriya ma tana da kwatankwacin wannan sassauci ga mai bincike da mai sharhi da mai ba da labari. Iyakar tana wurin ciniki, wato wanda ya juya ya sayar, ko ya tara mutane ya karɓi kuɗin kallo, ko ya fassara fim ya fitar kasuwa, yana buƙatar izinin mai shi. Ta fuskar shari'ar Musulunci kuma, masu ganin cewa hana kwafi ɓoye ilimi ne sun daɗe suna kafa hujja da gargaɗin da ya zo kan hakan, amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke a ƙudurinta mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take kārewa, kuma bai halatta a keta ta ba.

Wayar hannu ta ƙarasa abin da kaset ya fara. Daga ƙarshen shekarun 2000 waƙa ta koma tafiya cikin katin ajiya na waya, ana tura ta daga hannu zuwa hannu ko a biya mai kwamfuta a bakin kasuwa ya cika kati da ɗaruruwa a kuɗi kaɗan. Kwali ya mutu, domin babu abin da za a sa a cikinsa, kuma daga tsakiyar shekarun 2010 cinikin faifan fim a Kano ya durƙushe. Asarar da ta fi wannan zurfi ita ce ta suna, saboda waƙar da ta wuce wayoyi goma takan isa da lamba kawai ko da sunan da wani ya ga dama ya sa mata, ga mawaƙin da ya rubuta daban, ga mai kiɗa daban, ga wadda ta yi amshi daban, duk an shafe su. Labarin Mdou Moctar ya nuna abin da hakan yake jawowa da kuma maganinsa. Wannan matashi Ba'abzine na Nijar ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a wani situdiyo a Sakkwato a 2008, da salon sautin waƙoƙin fim ɗin Hausa, waƙoƙin suka bazu a wayoyin Sahara ba tare da ya sami komai ba. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara irin waɗannan waƙoƙi a garin Kidal na Mali, kuma kafin kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar da su a faifai a 2011, sai da ya bi sawun masu su ɗaya bayan ɗaya ya ƙulla yarjejeniya da su a kan kashi 60 cikin 100 na ribar. Aikin da ya fi cin lokaci a cikin wannan duka shi ne gano wanda ya yi waƙar, aikin da layi ɗaya na mai kwafin ƙarni na 19 yake gamawa.

Masu fim na Kano sun koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, inda kuɗin talla yake bin wanda tashar take da sunansa, kuma mai kallo a Gataa El Oued da ya buɗe tashar mai fim ta ainihi ya yi amfani da aikin ta halal ba tare da ya biya ko sisi ba. Sabuwar dokar Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai aiki ikon neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba, ta kuma halatta mayar da littattafai zuwa siffar da makafi za su iya amfani da su. Waɗanda wannan sauyi bai kai gare su ba su ne magadan tsofaffin makaɗa. Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kāriya har ƙarshen 2069 a Nijeriya, inda wa'adin yake shekara 70, da ƙarshen 2049 a Aljeriya. Hukuma irin ONDA ko BNDA ba ta iya ware kaso ga waƙar da ba ta cikin kundin rajista mai ɗauke da sunanta da na mai ita da na magadansa, kuma haɗa irin wannan kundi ga ɗaruruwan waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos aiki ne da ya rataya a wuyan iyalansu da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da gidajen rediyon Kaduna da Yamai, waɗanda tsofaffin faya-fayan suke cikin ɗakunan ajiyarsu.